Jirgin ƙasan wasa a gwanjon intanet, wai ina darajar take ne?

Sati uku da suka wuce ɗan yayata ya faɗo min shago a Sabongari da wani ƙullin buhu a kafaɗa, ko sallamar kirki bai ƙarasa ba yace Kawu tura ƙofar nan. Nace lafiya dai? Yace lafiya lau, arziki ne ya biyo ni har gida. Shi yaron nan kayan brokant yake sarowa daga Duwala, irin tarkacen da ake ciko kwantena dasu daga Turai ɗin nan, blenda, dutsen guga, tsofaffin rediyo, keken yara, ya ɗora a jirgin ƙasa zuwa nan Ngaundere, wasu ya wuce dasu Garwa. Toh a cikin wani kaya da ya saya a dunƙule sai ya tarar da ƙananan jiragen ƙasa na wasa, kawuna huɗu, taragu sun kusa ashirin, da guntayen layin dogo ɗaure da roba. Ya juya ɗaya yaga an rubuta Märklin a ƙasa, ya buga sunan a waya, sai ga eBay, dandalin gwanjon kaya na intanet, ta nuno masa wani an liƙa masa yuro 2,500. Ya buga lissafi, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, yaga miliyan ɗaya da dubu ɗari shida har da ɗoriya, a kai ɗaya fa, shi kuma huɗu gareshi. Tun a cikin jirgi tsakanin Belabo da Ngaundal ya gama sayen fili ya kai ginin linta.

Ni gyaran rediyo da waya nake, shi yasa ya kawo min in gwada masa ko suna tashi. Kuma ya san ina da tsohon ciwon abun, mahaifinmu dako yayi a lagar, wato tashar jirgin ƙasa, shekara da shekaru, mu da muka tashi a garin da layin dogo ya ƙare a cikinsa tun 1974 ƙarar jirgi a kunnenmu muka girma da ita, muna yara da kara da gwangwanin sardin muke haɗa namu mu ja da zare. Na taɓa sayen irin wannan kayan a intanet sau ɗaya, na sha kashi, zan zo kan wannan. Abunda na gaya masa ranar da wanda na ƙara bincikowa daga baya shi nake so in warware anan, dan nasan ba shi kaɗai bane, duk mai taɓa kayan brokant wata rana zai ci karo da irinsu.

Farkon abunda ya kamata mutum ya gane, kuɗin da ka gani a jikin kaya a intanet ba ciniki bane, kirari ne mai kaya yake wa kayansa. Ko a kasuwar shanu ta Adumri in ka tambayi mai sa nawa zai iya ce maka miliyan biyu, bakinsa ne, ba wanda zai hana shi, amma farashin sa shine inda aka tafa aka ce an sallama. A eBay akwai wurin da zaka danna ya nuna maka kayan da aka riga aka sayar kaɗai da abunda aka biya, can ne gaskiya take. Da muka danna wurin da lambar jirgin yaron, fuskarsa ta sauya kamar an ɗauke wuta. Wanda ya gani na yuro 2,500 ɗin ma ba irin nasa bane sam, sunan kamfani kawai suka haɗa, kamar kace kana da Toyota dan haka kuɗin Land Cruiser zaka karɓa alhali tsohuwar Starlet ce a hannunka.

Märklin kamfanin Jamus ne a wani gari Göppingen, an kafa shi tun 1859, da kayan girkin wasa na 'yan mata ma ya fara, sai a 1891 a baje kolin Leipzig ya fito da jirgi mai layin da ake harhaɗawa guntu-guntu, ana wana shi da makulli kamar agogon bango. Daga wancan lokacin zuwa yau abunda suka ƙera ba ya ƙirguwa. A ciki akwai wanda ake kira Kada, kwaikwayon wani dogon kan jirgin lantarki na ƙasar Suwizalan mai dogon baki gaba da baya, na ƙaramin awo ya fara fitowa 1947 da lamba CCS 800, wannan in na farkon ne kuma lafiyayye masu tarawa suna zubar masa da kuɗi sosai. Akwai kuma ɗan ƙaramin baƙin kai mai ƙafa shida mai lamba 3000, shi ake sakawa a kwalin 'yan koyo da iyaye ke saya wa yara lokacin Kirsimeti, an buga shi miliyoyi, kusan duk gidan Bajamushe da ya tashi bayan yaƙin duniya na biyu akwai ɗaya a sito. Ka canka wanne ne a buhun ɗan yayata. Sauran ukun kuma biyu Jouef ne ɗaya Lima. Jouef na Faransa ne, an kafa shi 1944, masana'antarsa a da tana Champagnole, shi dama sunan da yayi na araha ne, jirgin roba da ɗan talaka zai iya samu a babban kanti, Lima ta Italiya ma haka. Kuma tunda kwantenonin da ke sauka Duwala yawanci daga Faransa da Beljiyam da Jamus suke tasowa, waɗannan sunayen ukun su zaka fi gani, da Fleischmann ko Roco jefi-jefi. Lionel na Amurka da Hornby na Ingila da wuya su biyo ta nan.

Toh me ke sa wani yayi tsada wani ya zama tarkace? Mutane da yawa sun ɗauka tsufa ne. Tsufa kaɗai ba ya sa komai tsada, in da haka ne da tsohuwar tukunyar kakata ta saya min mota. Abu biyu ne sai sun haɗu, ya zama kaɗan ne suka rage, kuma akwai masu nema da kuɗi a hannu. Wani lokacin ma abunda ya faɗi a kasuwa lokacin da ya fito shine yake zama zinari daga baya. A 1957 Lionel suka ce bari su jawo 'yan mata, suka fito da jirgi kansa ruwan hoda taragunsa launi-launi masu haske, abun ya ƙi karɓuwa, yarinyar da ke son jirgi irin na gaske take so baƙi, wadda ba ta so kuma fenti ba zai sa ta so ba. Aka sayar da kaɗan, har ana cewa wasu masu kanti sake musu fenti suka dinga yi dan su rabu dasu. Yau wanda ya tsira da fentinsa na asali ana rububinsa. Shi kuma wanda kowa ya saya kowa ya ji daɗinsa, saboda yawansa yau ba mai waiwayarsa. Kaga kasuwar a juye take tafiya.

Sai lafiyar kaya, kuma anan ne mu muke yawan kuskure dan mu a wurinmu in abu yana aiki shikenan lafiyarsa lau. Su ba haka suke kallo ba. Ƙungiyar masu tara jiragen wasa ta Amurka da ake kira TCA, wadda aka kafa 1954, tana da ma'auni daga C-1 zuwa C-10, C-1 tarkacen da sai dai a ciri kayan gyara, C-10 wanda ko layi ba a taɓa ɗora shi ba, ƙafafunsa ba alamar sun taɓa juyawa. Tsakanin mataki da mataki kuɗi na iya ninkawa, ƙarzuwa ɗaya a rufin tarago, ɗan tsanin roba da ya karye, fitila ɗaya da aka canza, duk ana lissafawa. Da nake wa yaron wannan bayanin yana kallona kamar ina tatsuniya sai nace masa ka tuna jeren kwallar Hajiya, wato kakarsa. Kwanonin nan da ta jera a kabet tun aurenta ba a taɓa zuba musu ko ruwa ba, saiti guda daga babba har ƙarami kowanne da murfinsa, ranar da wata jika ta yar da ɗaya ya ɗan ɓantare a baki kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Kwanon bai daina riƙe tuwo ba ai, amma jeren ya mutu. Yace yanzu na gane. Nace toh Bature ma kwallarsa kenan, dattijo ne da kabet na gilas, ya jera yana kallo, ba wasa yake dasu ba.

Daga nan na tambaye shi, babu kwalaye? Yayi shiru. Ashe akwai, kowane kai da ɗan kwalinsa, wasu taragun ma haka, harda wasu takardu da Jamusanci, shi kuma dan kar kaya suyi masa yawa a biya kuɗin awo sai ya zazzage su a buhu ya watsar da kwalayen a bakin shagon da ya saya a Duwala. Wallahi sai da na dafe kai. Kwalin asali a wannan harkar ba shara bane, shi yara ke fara yagawa ranar farko shi yasa yafi jirgin kansa wuyar samu, akwai masu sayar da kwali zalla ba komai a ciki kuma a saya, kuma shine shaidar lamba da shekarar kaya. Abu ɗaya da kwali da takardarsa, da irinsa tsirara, ba kuɗinsu ɗaya ba ko kusa. Banda haka tafiyar dare guda a buhu suna gogar juna ta ƙara musu tabo da basu zo dashi daga Turai ba.

Na ɗauko sukundireba na buɗe ɗan Märklin ɗin a gabansa. Jikinsa roba ne amma ƙasan ƙarfe ne mai nauyi, a tsakanin ƙafafun akwai wani ɗan dogon ƙarfe kamar takalmin silifa, shi ke shafar wasu ƙananan ƙusoshi da ke tsakiyar layi yana ɗaukar wuta. Wannan shine bambancin Märklin da saura, nasu wutar AC ce ta tsakiyar layi, su Jouef da Lima wutar DC ce ta layi biyu, dan haka duk da awonsu ɗaya ne, wato HO, kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, faɗin layi milimita 16.5, ba zaka ɗora wannan a layin wancan ya tafi ba. Layin da ke buhun na Jouef ne, taransifoma kuma babu. Giris ɗin ciki ya bushe ya zama kamar tsohon man kaɗe, na wanke da ɗan fetur a tsinken auduga, na ɗiga mai, na jona masa wuta daga wata taransifoma da nake gwaji da ita, sai gashi yana gurnani ƙafafu na juyawa, fitila ta kama. Abun da ya haura shekara hamsin fa. Nan kam dole ka sara wa masu ƙirar. Yaron ya fara murna nace tsaya, tashi daban tsada daban.

Ɗaya daga cikin sauran kuma da na juya shi sai naga ƙarfen ƙasan ya tsattsage kamar ƙasan tafki a watan Maris, ya ɗan kumbura har ƙafa ɗaya ta karkace, na taɓa da farce wani gefe ya marmashe. Wannan cuta ce sananniya a wurin masu harkar, annobar tutiya suke ce mata. Ƙarfen da ake zubawa a ƙera irin waɗannan sassan haɗin tutiya ne, in aka samu dalma ta gurɓata haɗin tun a masana'anta, bayan shekaru sai ya fara kumbura yana fashewa daga ciki, damshi kuma yana ƙara masa gudu, ba magani ba gyara, sai dai a canza sashen in an samu. Ka tuna kuma kayan nan sun yi makonni a kwantena kan teku sannan suka zauna a damshin Duwala. Mu nan arewa kuma namu ƙurar hunturu ce da ke shiga ko ina, da zafin Garwa da Marwa da ke iya lanƙwasa roba in an bar ta a shagon kwano. Ƙasarmu dai ba ta ajiyar irin wannan kayan bace sai da ɗawainiya.

Wani abun kuma da hannu ke ƙaiƙayin yi, gyara fenti. Yaron cewa yayi bari ya kai wa mai fentin mashin ya fesa musu sabo suyi ƙyalli. Kar ka soma. A wurin masu tarawa tsohon fenti na asali da tabonsa yafi sabon fenti daraja nesa ba kusa ba, kana fesawa ka kashe shi. Kuma saboda kuɗin da ke ciki akwai 'yan damfara da suka ƙware, a sake fenti a ce na asali ne, a buga sabon kwali a tsufar dashi, a ɗauki jikin wannan a ɗora a ƙafafun wancan. Su kansu kamfanonin suna sake fito da tsofaffin samfura, shi Kada ɗin nan Märklin ta sake buga shi sau da dama cikin shekaru da lambobi daban daban, wanda bai sani ba zai ga hoto yace ai shine. Shi yasa masu saye na gaske basa kallon hoton gaba, hoton ƙasa suke nema, lamba, irin maƙalar taragu, irin ƙusoshin da aka ɗaure.

Yanzu gwanjon kansa, dan anan ne abun yafi ban sha'awa kuma anan mutane basu fahimta ba. Mu gwanjon da muka sani mai ƙararrawa ne, ana taruwa, wane ya taya wane ya ƙara har a buga. Na eBay, wadda aka buɗe tun 1995, ba haka yake ba. Kai zaka rubuta iyakar abunda zaka iya biya a ɓoye, na'ura ce zata dinga taya maka kaɗan kaɗan duk lokacin da wani ya ƙara, har a kai iyakarka. Misali ka rubuta yuro 200, wani ya rubuta 80, ba kowa sai ku biyu, toh kai zaka ci amma ba 200 zaka biya ba, 80 da ɗan ƙari zaka biya. Ma'ana farashin ba mai nasara ke yanke shi ba, na biyu ne ke yankewa. In ranar mutum ɗaya ne kawai yake son kayanka, ko da a shirye yake ya biya miliyan, a kuɗin farawa zai ɗauka. In kuma Allah ya haɗa ka da dattawa biyu masu taurin kai, kowanne wannan taragon ne kaɗai ya rage masa ya cika jerensa, sai kaga abun yuro 40 ya tashi 300. Sati na gaba irinsa sak ya fito, ɗayan ya riga ya samu nasa, sai ya koma 40 ɗinsa. Toh wanne ne darajar abun, 40 ko 300? Duka biyun ne, kuma ba ko ɗaya. Shi yasa ciniki ɗaya ba ya zama hujja, sai ka duba goma ko ashirin ka ga inda suka fi taruwa.

Kuma tunda lokacin rufewa a ƙayyade yake, gogaggu basa tayi da wuri, suna laɓewa sai saura daƙiƙa biyar ko ƙasa su jefa nasu dan kar wani ya samu damar ramawa, akwai ma manhajojin da ke yi wa mutum wannan. Kwana shida kaga kaya na kwance a yuro 12 kace ba mai so, minti ɗayan ƙarshe ya haura ɗari. Ka gwada wannan da netuwok ɗinmu da ke ɗaukewa in hadari ya haɗu, kana danna tayi abun na juyawa har a rufe. Wasu dandalin kuma in anyi tayi a ƙarshe suna ƙara ɗan lokaci, wannan yafi kama da namu na ƙararrawa. Akwai Catawiki ta ƙasar Holan da ke da masu duba kaya kafin a saka, akwai gidajen gwanjo na asali irin Vectis a Ingila da suka shahara kan kayan wasa, manyan kaya masu tsada yawanci can ake kaiwa ba eBay ba dan mai zuba kuɗi da yawa yana son wanda zai riƙe in an samu matsala. Sai kuma tsohuwar cutar kasuwa, mai kaya ya sa ɗan uwansa ko wani asusunsa na biyu ya dinga tayi dan ya tunzura farashi ba da niyyar saye ba. Wannan mun san shi tun kafin intanet, shine najashi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, su ma dandalin sun haramta amma kamawa ce da wuya. In kaga wani sabon asusu da bai taɓa sayen komai ba yana bin kayan mutum ɗaya kullum yana ƙarawa kuma bai taɓa ci ba, ka ja jikinka.

Akwai wata magana da masu cewa wannan jari ne basa son a faɗa. Waye ke saye? Yawanci dattawan Turai da Amurka ne da suka yi yarinta a shekarun 1950 da 1960, lokacin da jirgin wasa shine babbar kyautar da yaro ke mafarki, suka girma suka samu kuɗi suka dawo suna sayen abunda iyayensu suka kasa saya musu. Yanzu waɗannan mutanen suna tsufa suna mutuwa, 'ya'yansu da suka tashi da wasan bidiyo ba ruwansu, sai su kwashe kabet guda su zuba a kasuwa ko su kira mai kwashe kayan gida, kuma ta wannan hanyar ce ma wasu ke gangarowa har kwantenar Duwala. Kaya na ƙaruwa masu nema na raguwa. Intanet ɗin ma da kanta ta karya farashin abubuwa da yawa, da can sai ka zaga kasuwanni shekara kafin ka ga wani samfuri sai ka ɗauka babu shi, da kowa ya fara ɗora nasa sai aka ga ashe ɗaruruwa ne a sito-sito. Kamfanonin kansu sun ji a jikinsu, Märklin ta durƙushe a 2009 sai 2013 masu kamfanin Simba Dickie suka saye ta, Jouef da Lima da Rivarossi duk sun ƙare a hannun Hornby tun 2004. Na ƙololuwa dai, irin na gwangwani masu fentin hannu na kafin yaƙin duniya, Märklin ko Bing na Nuremberg, waɗannan har yanzu suna riƙe da kansu dan sun zama kayan tarihi, gidan tarihi ma na saye. Na tsakiya da na ƙasa ne ke zamewa. Ba wai sha'awar ta mutu bane, a Hambog ta Jamus akwai Miniatur Wunderland da aka buɗe 2001, mutane na layi su biya kuɗi dan kallon ƙananan jirage na yawo, amma masu wannan sha'awar ta yanzu sabon kaya suke so mai sauti da sarrafawa ta dijital, ba tsohon Lima mai ƙarar injin markaɗe ba.

Sai namu na gida, nisa. Bari in baku nawa. Shekarun baya na ga wani kan jirgin dizal da ya min kama da waɗanda nake gani a lagar ina yaro, raina ya biya, na roƙi wani abokina mai katin banki ya taya min, muka ci. Mai kayan da farko cewa yayi shi baya turawa Afirka, da yawansu haka suke rubutawa ƙarara, sai da aka haɗa da adireshin wani ɗan garinmu da ke karatu a can, ya riƙe wata huɗu kafin a samu mai tahowa. Da ya iso ƙugiyar gaba a karye, mota ɗaya, wato injin da ke juya ƙafafun, a ƙone, hoton da aka saka ashe ta gefe mai kyau aka ɗauka, lokacin ƙorafi kuma ya wuce tuntuni. Na rubuta wa mutumin ko amsa. Yana nan a kan shelf har yau yana min kallon ka kiyaye gaba.

Ko da ba a cuce ka ba lissafin kansa ya isa. Mu ɗauka ka ci abu a yuro 100, wato sefa dubu 65 da ɗari shida. In gidan gwanjo ne zasu ɗora maka la'adarsu, sau da yawa tana kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye, ya zama 120. Mu ce kuɗin turowa 50, ya zama 170, sefa dubu 111 da ɗari biyar kenan. Harajin TVA a Kamaru kashi 19.25 ne, ka ƙara wajen dubu 21, ka haura dubu 130 tun ba a yi maganar kuɗin duwan, wato kwastan, ba, abun dubu 65 ya ninka. Wanda ke Injamena ko Mundu nasa yafi haka, Cadi ko layin dogo babu, kayansu ma nan Ngaundere ake sauke su daga jirgi a ɗora a tirela. In kuma sayarwa zaka yi sai ka juya lissafin, kai ne zaka tura, mai saye a Jamus zai ga irin kayanka a garin da ke kusa dashi da kuɗin turowa kaɗan, ga naka daga Kamaru, asusu sabo ba wanda ya taɓa yaba maka, me zai sa ya zaɓe ka? Sannan karɓar kuɗin ma wani aiki ne, ba Orange Money ko MoMo zasu turo maka ba. Sai abun ya zama mai tsada sosai kafin ya iya ɗaukar wannan nauyin ya bar maka riba, ɗan 3000 tsirara ba kwali kuwa kuɗin turawar ma sai ya fi shi.

Wani abun da ya ban haushi a binciken, na nemi ko akwai ƙaramin jirgi irin namu da fentin Camrail, kamfanin jirgin ƙasanmu, ko na Regifercam ta da, a manyan kamfanonin nan ban ci karo dashi ba. Layinmu faɗinsa mita ɗaya ne ba irin na Turai mai mita 1.435 ba, a ƙaramin awo ana ce masa H0m, layi milimita 12, kamfanin Bemo na yin irinsa amma jiragen tsaunukan Suwizalan suka fi bugawa. Da za a samu mai hannu ya ɗauki ƙasan irin wannan ya ƙera masa jikin jirgin Yawunde da taragun kwana, ni dai da na taya, ko a nan garin nasan tsofaffin ma'aikatan lagar da zasu so su ajiye a falo.

Shi dai ɗan yayata abunda muka tsayar, na ware masa taragu uku na Märklin masu jikin gwangwani da naga lambobinsu sun ɗan fi saura motsi a cinikin da aka riga aka yi, na ce ya naɗe kowanne daban a tsumma mai laushi ya sa a roba mai murfi, kar ya wanke kar ya goge da komai, in wani abokinsa da ke Liyon ta Faransa ya zo hutu ya tafi dasu ya gwada daga can. Na kuma ce duk ranar da ya sake cin karo da irinsu ya ɗauki hoton ƙasa da na kwali ya turo min kafin ya taɓa komai, kuma ko kwalin ya yage ya haɗo dashi. Mai tsagewar nan na cire masa mota na ajiye. Jouef ɗaya kuma na haɗa masa layinsa a kan wani falanki a bakin shago na jona da cajar tsohuwar rediyo mai bolt 12, yana zagayawa da taragu biyar, yaran makarantar allo na layinmu tun ranar basu bar ƙofar shagon ba. Jiya wani direban tirela ɗan Kuseri ya tsaya karɓar wayarsa, ya daɗe a tsaye yana kallo, yace nawa zan bar masa ya kai wa ɗansa da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Na kira yaron a waya nace ga tayin dubu goma sha biyar, yace Kawu ka ce masa albarka, ya cika ashirin.